Buhun Wake Ba Ya Nuna Takarda a Iyaka

Ƴan uwana matasa, maza da mata, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin wannan zafi. Na gode wa waɗanda suka shimfiɗa tabarmi, da mai shayi da tun ɗazu yake fama da gawayi. Iyayenmu da nake hange can baya, ku gafarce ni, yau zan yi maganar gona a gabanku, ni da hannuna ya fi sabawa da bik a kan hauya. In na kauce ku maido ni hanya.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana, wata murya ce da gwaggona ta turo mini a WhatsApp. Na san da yawanku kun ji irinta. Wani mutum ne yake rantsuwa cewa an shigo da wani wake daga Najeriya, wanda duk namijin da ya ci ya daina haihuwa, in an shuka shi ba ya tsira, gonar da ya taɓa kuma ta mutu har abada. Gwaggo ta ce, «Kai da ka yi lakwal, gaya min gaskiya, in ci wake ko in bari?» Na ce mata ta ci wakenta da shinkafa, ta ƙara yaji. Da na ba wani abokina labari, wanda muka yi jami'a tare a Yamai, sai ya yi dariya ya ce ai duk mai tambaya a kan irin zamani jahilci ke damunsa. Wallahi dariyarsa ta fi muryar nan ɓata mini rai. Akwai tambayoyi na gaske a cikin wannan al'amari. Mai muryar ya binne su da ƙarya, abokina kuma ya wuce su da raini, kuma dukansu biyu babu wanda zai kwana da yunwa in damana ta ɓaci.

Mu fara da sanin abin da muke magana a kai, don an cakuɗa abubuwa. Ingantaccen irin da malaman gona ke rabawa, kamar hatsin HKP na INRAN, ko Chakti da aka fitar a 2018 tare da ICRISAT da ke Sadore, ba shi ake kira OGM ba. Waɗannan aure aka haɗa tsakanin hatsi da hatsi, aka zaɓi ƴaƴan da suka fi, aka sake zaɓe, shekara da shekaru. Abin da kakanninmu ke yi ke nan, sai dai su masu bincike suna da littafi da ma'auni. OGM kuwa, wanda ƴan Najeriya ke cewa GMO, a ɗakin bincike ake ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta dabam, wadda ba za ta taɓa auratayya da shukar ba, a dasa ta cikin shukar. Shukar ta ɗauki wannan hali, ta gadar wa ƴaƴanta.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne wake. A 2019 Najeriya ta amince da wani wake mai suna SAMPEA 20-T, aikin cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tare da abokan aikinta na waje. An sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, ana taƙaita sunanta da Bt. Wannan bakteriya tana yin wani sinadari da ke fasa hanjin wasu tsutsotsi in sun ci. Ba sabon abu ba ce, tun kafin a haifi iyayenmu manoma a Turai ke fesa ta a gona. Abin da ya sauya shi ne yanzu waken da kansa ke yin sinadarin, a ganye da fure da kwanso, dare da rana, tun daga tsiro har girbi. An yi shi don tsutsar nan da ke shiga furen wake da kwansonsa tana saƙa kamar yanar gizo, masana na kiranta Maruca. Duk wanda ya taɓa buɗe kwanson wake ya tarar da kashin tsutsa a madadin ƙwaya ya san ta.

Kuma bari in yi adalci, don ba zan tsaya nan in yi muku abin da mai muryar ya yi ba. Waken yana kashe tsutsar. Waɗanda suka yi shi sun ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas a damana zai iya komawa sau biyu. Ku kun ga yadda ake feshi a ƙauyukanmu: yaro ɗan shekara goma sha biyar, famfo a baya, babu takalmi, babu abin rufe hanci, maganin an sayo shi a tebur a kasuwa, rubutun jikin kwalbar babu mai iya karantawa. In ya gama a wanke kwalbar a zuba mai ko ruwan sha. Wannan guba tana kashe zuma, tana kashe ƙwarin da ke cin ƙwari, tana gangarawa tabki. Duk abin da zai rage ta, dole mai hankali ya saurare shi. Maganar hana haihuwa kuwa babu wata hujja a bayanta, mu daina tura ta.

Sai batun wai ba ya tsira. Nan ne ma ƙaryar ta fi cutarwa, don ta juya gaskiyar kai ƙasa. Waken nan yana tsira sarai. Ka shuka, ka girbe, ka ajiye, ka sake shukawa baɗi, ya fito da halinsa. To shi ya sa maganar ta shafe mu. Da ba ya tsira, da ya tsaya inda aka sayar da shi.

Ku duba inda muke zaune. Daga Maraɗi ka bi ta Ɗan Isa, kafin shayi na biyu ya nuna kana Jibiya. Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar ke bi mata. Wakenmu na cika kamyo yana tafiya Dawanau a Kano, haka ne, amma iri kuma yana dawowa ta hanyar da ba mai ƙirgawa: a aljihun ɗan ci-rani, a ƙullin zanen amaryar da aka kawo daga Katsina, a tiya biyu da aboki ya ba aboki don ya ga ya yi kyau a gonarsa. Najeriya ta rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, ku gaya mini ranar da buhu ya daina wucewa. Kuma in na zube muku wake biyu a faifai, wannan mai Bt wannan marar shi, babu wanda zai bambance su da ido, ko ɗan duwan, ko malamin gona, ko kakata da ta shekara sittin tana tsince wake. Ghana ma ta amince da nata waken Bt a 2022. Ke nan ko mun ce muna so ko mun ce ba mu so, shawarar da maƙwabta suka yanke tana iya isowa gonarmu ba tare da an yi sallama ba.

To in ya iso, me zai faru da gona da dajin da ke kewaye da ita?

Abu na farko da aka gani a ƙasashen da suka riga mu, tsutsa tana sabawa. Ga yadda abin yake. A cikin dubban tsutsotsi, akan sami ɗaya ko biyu da Allah ya halitta da hanjin da sinadarin bai kamawa sosai. In gona duka Bt ce, sauran sun mutu, su biyun nan suka rage, suka auri juna, suka hayayyafa. Bayan ƴan shekaru gonar ta cika da jikokinsu, sinadarin ya zama musu kamar gishirin miya. Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a bar wani yanki kusa a shuka iri na gargajiya, marar Bt, don tsutsotsi masu rauni su rayu da yawa, su yi ta auren masu taurin, jinin taurin ya tsarma. Mafaka ake kiran wannan yanki. Wato da gangan za ka ciyar da maƙiyinka a gefe guda don kada ya yi ƙarfi a ɗaya gefen.

A takarda abin ya yi kyau. A Afirka ta Kudu an fara shuka masarar Bt a 1998, zuwa 2007 an tabbatar tsutsar kara ta saba da ita a wani yankin noman ban-ruwa, inda manoma da yawa ba su bar mafakar ba. A Indiya an amince da kaɗar Bt a 2002. Kafin shekara goma jar tsutsar kaɗa ta karya irin farko, na biyu mai sinadari biyu shi ma daga baya ta karya shi, manoma suka koma feshi bayan sun sayi iri da tsada. Amma ku ji wannan: ita dai wannan jar tsutsar, a Amurka, da kaɗar Bt ɗin, da mafaka da aka tilasta, da ma'aikata masu bin gona-gona suna ƙirga, da sakin ƙwarin da aka mayar juya daga jirgin sama, a 2018 suka bayyana sun kawar da ita daga gonakin kaɗarsu gaba ɗaya. Tsutsa ɗaya, dabara ɗaya, sakamako biyu. Bambancin yana wajen masu sa ido da kuɗin da aka zuba musu.

Yanzu ku tambayi kanku, mu da wa muka fi kama? Manomin da ya karɓi tiya guda a hannun ƙaninsa bai ma san Bt ne ya shuka ba, balle a yi masa zancen mafaka. Malamin gona guda nawa ne ke rufe ƙauyuka nawa, kuma da wane babur, da wane mai? SAMPEA 20-T sinadari guda ne a cikinsa, kuma darasin Indiya ya nuna guda ɗaya ya fi saurin karyewa. Masu goyon bayansa suna da amsa, sun ce Maruca tana rayuwa a kan wasu itatuwa da ciyayi na daji, su ne mafaka ta Allah. Akwai gaskiya a ciki. Uwar tsutsar, wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare, tana kwana rani a kudu inda akwai ɗanshi, in damana ta faɗi ta biyo iska ta hauro arewa har gonakinmu. Amma wannan yana nufin in ta yi tauri a can, da taurinta za ta iso nan, kuma ita ma ba ta tsayawa a shingen duwan.

Kada kuma wani ya ɗauka an gama da ƙwarin wake. Bt ɗin nan bai taɓa darɓa, bai taɓa ƙwarin da ke tsotse kwanso, bai hana ƙwaro cin wake a rumbu, ƙuduji kuwa ko gaisuwa ba su yi. A Sin, da aka rage feshi a gonakin kaɗar Bt, ƙwarin kirki masu cin ƴan uwansu sun ƙaru, wannan alheri ne, amma wani ƙwaro mai tsotso da da ba a damu da shi ba ya samu fili ya zama annoba har a gonakin maƙwabta. Gona ba ta zama babu mai ci. Ka kori wani, wani ya zauna a tabarmarsa.

Maƙwabtanmu na Burkina sun ga wani salon. A 2008 suka rungumi kaɗar Bt ta kamfanin Monsanto, har ta kai ta mamaye mafi yawan gonakin kaɗar ƙasar. Manoma da yawa sun so ta, don feshi ya ragu ƙwarai, wahala ta ragu. Sai ga abin da ba a yi lissafi da shi ba: zaren ya gajarce. Kaɗar Burkina da aka sani da dogon zare a kasuwar duniya ta faɗi daraja, saboda wajen haɗa irin Amurka da na gida an tafi da wani hali na irin gida da aka shekara da shekaru ana ginawa. Kamfanonin kaɗar ƙasar suka nemi diyyar sama da miliyar 48 na sefa, a 2016 aka daina shuka ta. Burkina ta iya komawa baya don irin kaɗa a hannun kamfanoni yake, su ke rabawa kowace shekara, ranar da suka ce a tsaya an tsaya. Wake fa? Irin wake yana cikin tulu, cikin toka, a ɗakin kowace tsohuwa. Wa zai bi ɗaki-ɗaki ya ce a maido?

Wannan ya kawo ni ga daji. Wake ɗan Afirka ne, kuma danginsa na daji suna nan tare da mu, waken gizon nan da ke yaɗo a gefen gona da bakin fadama. Furen wake yawanci kansa yake yi wa barbara, shi ya sa irin bai cika cakuɗewa ba. Amma ba kullum ba. Manyan ƙudan zuma na shiga furen, su fita da garinsa a jiki. Wani bincike da aka yi a Kenya, aka liƙa wa irin waɗannan ƙudaje ƴar na'ura ana bin su, ya nuna suna iya yin nisan kilomita 6 daga gidansu. Wake na gida da na daji kuma suna haihuwa tare. Saboda haka in aka daɗe ana shuka mai Bt, halin zai tsallaka daji. Masana da suka duba batun, wasunsu sun ce ko ya tsallaka ba zai mai da waken gizo ciyawar da ta gagara ba, tunda ba tsutsa ce kaɗai ke taƙaita shi ba, akwai fari, akwai awaki. Mai yiwuwa haka ne. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, in ya shiga ba ya fita. Maganin feshi in ya yi ɓarna gwamnati na iya hana shigo da shi, shekara kaɗan ya ƙare. Hali da ya shiga jinin ciyawar daji babu dokar da ke kiransa ya dawo.

Kuma ina so ku riƙe wannan saboda hatsi. Yau babu hatsin OGM da ake nomawa, kada wani ya fita nan ya ce na ce akwai. Amma ƙa'idar da muka kafa a kan wake ita za a bi ranar da aka zo da na hatsi ko na dawa. Hatsi kuwa ba shi da kunyar wake. In ya yi bununi iska ce ke ɗauka ta kai gonar maƙwabci, ta kai wa shibra da ke tsaye tsakiyar gona, ta kai wa dangin hatsi na daji, don a wannan yanki namu na Sahel aka fara mai da hatsi abin nomawa, shekaru dubbai da suka wuce.

An ce in taɓo kwafin halitta, abin da aka yi wa tunkiyar nan Dolly. A 1996 aka haife ta a Sikotlan, ba ta da uba, an ɗauki ƙwaya daga hantsar wata tunkiya aka yi kwafinta, bayan gwaji 277 da ita kaɗai ta rayu a ciki. Ta mutu a 2003. Mutane suna jin abin kamar tatsuniya, alhali a shuka mun daɗe muna yi. Wanda ya karya karan rogo ya dasa, kwafi ya yi. Rake haka, dankali haka, ɗan dabinon da ake cirewa a gindin uwa haka. Sabon rogon ba ɗan tsohon ba ne, shi ne da kansa a wani rami. Amfaninsa ka san abin da za ka samu. Haɗarinsa, ciwon da ya iya kayar da guda ya iya kayar da duka, don duka ɗin mutum guda ne.

Ayaba ce shaida. Ayabar da ake kaiwa Turai da Amurka a da, iri guda ce, kwafin juna, gonaki ba iyaka a Amurka ta Tsakiya. Wata cuta ta cikin ƙasa ta bi saiwa ta share su a shekarun 1950. Aka musanya da wani iri guda, Cavendish, shi ma kwafin juna. Yanzu sabon salon cutar ya taso masa, an gan shi a Mozambik a 2013, ya isa Kolombiya a 2019. Kuskure guda, sau biyu. Ni in aka ce mini gobe za a zaɓi jar akuyar Maraɗi da ta fi kowace nono da kyan fata a yi kwafinta dubu goma a raba wa mata, ba tsoron aljanu zai kama ni ba. Zan tambaya, ranar da ciwon da ita wannan akuyar ba ta jurewa ya shigo, wace ce za ta rage a turke?

Nan ne kwafin halitta da OGM suke haɗuwa, kuma nan ne ni tsorona yake, fiye da zancen tsutsa da na zuma. Iri mai ƙarfi, mai talla, mai tallafi, yana korar sauran daga gona ba tare da faɗa ba. Manomi ya ga na maƙwabci ya fi, ya bar nasa. Shekara uku bai shuka ba, irin da ke tulu ya mutu. Babu wanda ya hana shi, babu wanda ya ƙwace, ya dai tafi. Ingantaccen iri na gargajiya ma yana iya yin wannan ɓarna in aka bi shi ido rufe, amma wanda ke kashe tsutsa da kansa ya fi saurin cinye fili.

Me za mu rasa? Bari in ba ku labarin binciken da ya fi burge ni duk karatuna. A 1976 masu bincike sun zaga ƙauyukan Nijar sun karɓi irin hatsi sun adana. A 2003 masana na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na nan gida suka koma ƙauyuka 79 daga cikin waɗancan, suka sake karɓa. Tsakanin shekarun nan biyu ƙasar ta sha fari iri-iri, har da yunwar 1984 da tsofaffi ke kira El-Buhari. Suka shuka tsohon da sabon gefe da gefe. Sai suka tarar hatsin 2003 yana riga na 1976 fitar da kai, zangarniyarsa ta ɗan gajarce, ya daidaita kansa da damanar da ta gajarce. Kuma ba wai manoma sun watsar da irinsu sun ɗauko na wani wuri ba ne. Sunayen dai su ne, yawan bambancin jinin bai ragu ba. Irin ne da kansa ya sauya a hannun masu shi. Cikin kowace gona akwai mai saurin nuna, akwai mai jinkiri, fari ya zo ya zaɓa, manomi ya zo lokacin girbi ya ware zangarniyar da ta cika ya rataye don iri. Babu minista da ya sa hannu, babu jika guda da aka kashe.

Gonar da duk tsironta kwafin juna ne ba za ta iya wannan ba, don babu abin zaɓe a cikinta.

Kakata, Allah ya ƙara mata lafiya, wake uku take shukawa tsakanin hatsi. Akwai ja mai saurin nuna, wanda ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damana kafin hatsi ya iso. Akwai fari na kaiwa kasuwa. Akwai mai yaɗo da ba ya ba da ƙwaya sosai, amma harawarsa ke riƙe tumaki har Layya. Shekarar da na gama jami'a na je mata da buhun iri guda da na saya da kuɗin aljihuna, ina ta bayani da faransanci rabi da hausa rabi. Ta saurare ni har na gaji, ta ce, «Wanga naka, shi ɗai zai yi aikin ukkun?» Na ce ya fi su yawan ƙwaya. Ta ce, «Tumakin mi za su ci, takardarka?» Ta ba shi kunya huɗu a gefen gona, ta ce ya nuna halinsa shekara uku tukuna. Na ji haushi ranar. Daga baya na gane abin da ƙasashe ke kashe miliyoyi su kafa hukumomi don yi, shi ta yi: gwaji a ƙaramin wuri, sa ido, da riƙe na hannu har a ga ƙarshe. Haka Zango da Gergera da Ankutes da Ba'angure da maiwa suka kawo yau, kowane da ƙasar da ya sani da ruwan da yake jurewa.

Ba hannu sake ƙasar take ba. Nijar tana cikin yarjejeniyar Kartajena, wadda ta ba kowace ƙasa haƙƙin a sanar da ita kafin a shigo mata da irin wannan iri don shukawa, kuma a 2019 an yi dokar ƙasa a kan kariya daga haɗarin fasahar halittu. Amma doka tana Yamai, buhu yana kasuwar ƙauye. Akwai ɗan tsinken gwaji, kamar wanda likita ke gwada zazzaɓin sauro da shi, a daka ƙwayar wake a jiƙa a tsoma, cikin mintuna ya nuna ko da Bt. Ba abin a je wata ƙasa ba ne. Abin da nake so mu nema, da sunanmu na ƴan ƙasa, shi ne a sa irin wannan a hannun malaman gona na jihohin da ke bakin iyaka, Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da Difa, a riƙa ɗiban samfur a manyan kasuwanni kafin shuka, a kuma faɗa wa jama'a abin da aka gani, a rediyo, da hausa da zabarmanci. Mai sayar da iri ya rubuta abin da ke cikin buhunsa. In wata rana hukuma ta ga ya dace a gwada waken Bt a nan, a yi shi a fili, masu bincikenmu su riƙe ragamar, a auna abin da ya faru da zuma da waken gizo da darɓa, a kuma tambayi mata, don su ke riƙe da irin wake.

Kuma a ba masu bincikenmu kuɗin aiki, don sun nuna suna iyawa. Murzunar da ke cin zangarniyar hatsi, a nan Maraɗi masanan INRAN da na jami'a suka yi ta kiwon wata ƴar ƙaramar rina da ke kashe ta, ana rataya ƴan buhunan a ƙauye, rinar ta fita ta yi aikinta, babu feshi. Buhun PICS mai ruɓi uku da ya raba mata da zuba guba cikin waken ajiya, da hannun masu binciken Nijar aka gwada shi aka yaɗa. Waɗannan ba su da mai yi musu talla a talabijin, shi ya sa ba ku cika jin su ba.

Namu kuma na nan fada, wanda ba sai mun jira kowa ba. Yawancinmu muna da ƙauye, kuma za mu je kafin ruwa ya sauka. Kowa ya zauna da tsohuwar gidansu ko tsohon, ya buɗe salula ya ɗauki murya: iri nawa take da shi, me sunan kowane, kwana nawa yake yi, wace ƙasa yake so, wanne ne ta daina gani. Ya roƙo cikin tafin hannu na kowane, ya ƙulle dabam-dabam, ya rubuta sunan da garin a jiki. Kada a haɗa su a leda guda don Allah, na san halinmu. A zamanmu na bayan salla za mu shimfiɗa su a tabarmar nan mu ga abin da muke da shi, sannan mu nemi wani daga cikin masu binciken ya zo ya gaya mana yadda ake adana su kada ƙwaro ya riga mu.

Muryar nan kuma in ta sake zuwa muku, kada ku tura. Ku kira wanda ya turo ku yi masa bayani, ko da gwaggo ce.

Na ga hannu biyu a sama tun ɗazu. Baba, kai ne babba, fara. A miƙo masa shayin tukuna.